Hannun Fataw Ya Taɓa Kunne

Ba Zuera ce ta ƙirƙiro dabarar ba, a faɗi gaskiya. Fulera ce, maƙwabciyarta a gidan hayarsu na unguwar Nima, mace mai 'ya'ya biyar, wadda babu ƙofar gwamnati da ba ta san yadda ake lallaɓawa a shige ta ba. Amma Zuera ce ta ɗauka ta aikata, ita kuma kunyar ta ci.

Daga tukunyar miya abin ya faro. Zuera aiki take a rumfar Hajiya Muniratu mai tuwon zafi a unguwar Maamobi, ita ce tuƙi, ita ce kaɗa ayoyo, tun hantsi har la'asar. Da ɗanta Fataw take zuwa. In ya yarda ta goya shi, in bai yarda ba ta sake shi ya yi ta yawo tsakanin murhu da bokitai. Ran nan ta juya za ta ɗebo ruwa, kafin ta waiwayo yaro ya kama bakin tukunya yana leƙe. Allah ne ya tsare, miyar ta kife ƙasa, yatsunsa biyu kawai suka tashi. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi ita ba za ta ɗauki alhakin ɗan mutane ba, daga gobe Zuera ta zo ita kaɗai, ko kuma ta zauna gida ta yi raino.

To ina za ta kai shi? Uwarta tana can Bawku. Mijinta Imurana direban motar doya ne, yau yana kasuwar Agbogbloshie, gobe ya yi arewa. Gidajen rainon yara na kuɗi, waɗanda ake kira kireshi, ga su nan ko'ina a Nima kamar shagunan aski, sai dai kuɗinsu na wata ya kusa lashe abin da Hajiya ke ba ta. Ajin ƙananan yara na makarantar gwamnati kuwa kyauta ne, daga safe zuwa azahar. Amma sai ɗan shekara huɗu. Fataw ko uku bai gama cikawa ba.

Da ta kai kukanta wurin Fulera, dariya Fulera ta yi har tana dafa bango. Ta ce wa ya gaya mata gwamnati na zuwa suna? Ta je kawai ta ce takardar haihuwa ta bi ruwa shekarar da babban kwalbatin Nima ya yi ambaliya, rabin unguwa haka suke cewa, wasu ma gaskiya suke faɗi. In babu takarda, shugabar makarantar tsohuwar hanya take bi: yaro ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakar ka, ya kamo kunnen hagu. In ya kamo ya isa makaranta, in bai kamo ba a koma gida. Ga Fataw kuwa dogo ne kamar ubansa, ga ƙashi. Ɗan horo kawai yake buƙata.

Haka Zuera ta shiga horon hannu, abin dariya abin kunya. Kowace safiya bayan wanka ta shafe kafaɗar yaro da man kaɗanya, ta ja hannun a hankali, ta koya masa ya ɗan karkatar da kai yadda ba za a lura ba. Ta koya masa in an tambaye shi shekarunsa ya ɗaga yatsu huɗu. Shi duk wasa ya ɗauke shi, yana yi yana ƙyaƙyatawa. Ranar da suka je, shugabar, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ga mai gilashi a kan karan hanci, ta ce ya gwada. Fataw ya ɗaga hannu, ya karkace, ɗan yatsansa na tsakiya ya shafi saman kunne da kyar. Dattijuwa ta dube shi, ta dubi layin iyayen da ke jira a bayansu, ta ce a kai shi ajin Madam Latifatu.

Zuera ta fito ranta fari ƙal. Ba ta ji ko ɗigon nauyi ba a lokacin. Ta ce a ranta ai kujerar gwamnati ce, gwamnati kuwa ta ci nata ba sau ɗaya ba.

Saura matsala ɗaya. Kyautar gwamnati da azahar take ƙarewa. Wanda yake so a riƙe masa yaro zuwa la'asar sai ya ƙara wani abu duk wata, haka iyaye da malamai suka shirya tsakaninsu. Zuera ba ta da wannan ƙarin. Azahar kuwa ita ce lokacin da rumfar Hajiya ke cika maƙil, makanikai da 'yan kwandastan motocin haya na trotro kowa na miƙo kwano. A daidai lokacin take ajiye muciya ta kwasa da gudu, ta ɗauko Fataw, ta jefa wa Fulera shi, ta komo tana haki. Hajiya ta fara tsuke fuska. Fulera ma ta fara ƙorafin cewa ita shawara ta bayar, ba ta ce za ta buɗe kireshi ba.

Ana cikin haka Madam Latifatu ta ce tana son ganin Zuera.

Zuera ta ce shi ke nan asiri ya tonu. Ta tarar da Madam a aji ita kaɗai tana tattara tabarmi. Mace ce siririya, 'yar unguwar Kawukudi, mai magana a hankali kamar tana tsoron kada ta tashi mai barci. Ta jawo wa Zuera 'yar kujerar yara, ita ma ta zauna a kan irinta, gwiwoyinsu suna kusan haɗuwa. Sai ta fara zagaye-zagaye. Ta ce Fataw yaro ne mai fara'a, ba ya duka, ba ya cizo. Amma akwai abubuwan da ta lura da su. Ba ya iya riƙe alli kamar sa'o'insa. Ba ya iya ɓalle maɓallin wandonsa, har yanzu yana jiƙa shi. In ana waƙa sai ya tashi ya bi ƙadangare. Maganarsa guntu-guntu ce, kalma biyu, kalma uku, alhali ɗan shekara huɗu ya kamata a ce yana ba da labari har a gaji da shi.

Zuera ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe baki za ta faɗa. Madam ta riga ta.

"Maman Fataw, kada ki ji tsoro, kuma kada ki ji kunya. Ba laifinki ba ne. Wasu yaran kansu ba ya buɗewa da wuri. Ki bar mini shi da rana har la'asar, zan zauna da shi ni da kaina. Ba sai kin biya ƙarin ba."

Ba sai ta biya ƙarin ba. Wannan maganar ce ta rufe wa Zuera baki ruf. Ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mata, na kunya tsantsa. Madam ta ɗauka na baƙin cikin uwa ne, ta kama hannunta ta riƙe, tana ce mata Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Zuera ta ce na gode, ta ƙara cewa na gode, ta fita ba ta ko iya ɗaga ido ba.

Da ta ba Fulera labari, Fulera ta tafa hannu ta ce kai, wannan yaro da arzikinsa ya zo, an ba shi safe kyauta an haɗa masa da rana. Imurana da ya dawo daga tafiya ya ji, ya ce shi dai ba ya son ana ce wa ɗansa komai, amma da yake ba shi da abin kireshi a aljihu, maganar tasa ba ta yi nisa ba. Hajiya ta saki fuska. Komai ya daidaita, in ban da Zuera da kunya ke kamawa duk la'asar in ta doshi ƙofar makarantar.

Don Madam Latifatu ba da wasa ta ɗauki abin ba. Ta tara marafen kwalba tana sa shi ya ware ja daban kore daban. Ta ɗinka masa wani ƙyalle mai manyan maɓallai yana koyon ɓallewa. Takan zaunar da shi a gabanta, ta ɗora hannunsa a maƙogwaronta ta furta kalma, ta mayar da hannun nasa maƙogwaron ta ce ya faɗa. Duk ranar da ya yi wani sabon abu sai ta tari Zuera tun daga bakin ƙofa da albishir. Yau bai jiƙa wando ba. Yau ya ce "Madam ba ni ruwa in sha" tiryan-tiryan. Zuera ta yi murmushin dole. Ita ta san ba wani abin mamaki a ciki, yaro ne ya cika uku yana tafiya huɗu, duk ɗan da ke Nima haka yake yi.

Wata rana ta zo ɗaukarsa ta ga wani yaro zaune kusa da shi a tabarma, babba, zai yi shekara bakwai. Kyakkyawa ne, an yi masa aski tsaf. Yana riƙe da marfin kwalba ɗaya yana juya shi a gaban idonsa, yana wani ɗan gurnani a maƙoshi. Zuera ta ce masa sannu, ko kallonta bai yi ba. Madam ta ce ɗanta ne, Nurudeen, shi kaɗai gare ta. Bai taɓa cewa "Mma" ba. Da rana kakarsa ke kawo mata shi. Ta ce ba kowa take gaya wa ba, don mutanen unguwa ba su da aiki sai cewa aljanu ne ko an sa masa hannu, amma ita Maman Fataw ta san zafin, tunda jirgi ɗaya ya ɗebo su.

Zuera ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta saɓi ɗanta ta gudu. Daga ranar ta koma tsayawa nesa, ta aika a kira mata Fataw, tana fakewa da sauri. Ina, Madam sai ta fito da kanta. Wani lokacin har da ɗan ƙunshin dabino, ko maganin da ta ji an ce yana taimakon ƙwaƙwalwa, ta saya biyu, ɗaya na Nurudeen ɗaya na Fataw. Zuera ta karɓa ta ɓoye a ƙasan akwati, ba ta ba yaron ba, ba ta kuma iya zubarwa ba.

Magana kuwa ba ta zama a aji. Yara sun ji, sun kai gida, iyaye sun juya ta sun dawo da ita. Wata Lahadi Zuera na wanki a tsakar gida, ta ce wa Fataw ya shiga ɗaki ya ɗauko mata cokali biyu. Aikin da yake yi da gudu tun ba yau ba. Yaro ya tsaya yana wasa da bakin rigarsa.

"Ban iya ba, Mma."

Ta ce ban iya ba kamar yaya, cokali biyu fa.

"Ni kaina bai buɗe ba."

Haka ya faɗa, ba kuka ba fushi, kamar yana gaya mata sunansa. Hannun Zuera ya tsaya cak a cikin kumfa. Ta daka masa tsawa ta ce kada ta ƙara jin wannan maganar a bakinsa, yaro ya firgita ya fashe da kuka, ita ma ta bi shi. Ta rantse a ranta gobe da sassafe za ta je ta faɗi gaskiya. To, goben ta zo. Ta tuna fuskar Hajiya, ta tuna kuɗin kireshi, ta ce ai yaro ne, zai manta, bari dai a kai ƙarshen zangon nan. Ta raka shi ƙofar makaranta ta wuce wurin tuwonta. Wannan ita ce kunyar da ta fi ci mata rai daga baya, cewa ɗan cikinta ya faɗi haka a gabanta, ta haɗiye, ta je ta tuƙa tuwo.

Bayan 'yan makonni, wata la'asar, ta tarar da Madam fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Ta jawo ta cikin aji ta ce ta tsaya ta ji. Ta sa Fataw ya rera waƙar safe daga farko har ƙarshe, ya ƙirga marafe, ya ba da labarin wani kare da ya bi mai keke. Nurudeen na gefe yana kaɗa jiki gaba da baya. Madam ta ce to ta gani? Yaron da ya zo ba ya haɗa kalma uku. Ta ce ita yanzu ta samu natsuwa, ta gane hanyar nan tana aiki, duk abin da ta yi wa Fataw shi take yi wa Nurudeen safe da yamma, nasa dai ya fi nauyi ne, amma yana nan tafe. Har ma ta daina kai Nurudeen asibitin da ake koya wa yara irinsa magana. Me za ta je yi? A kwashe yini a layi, a biya kuɗin mota, a ba su ɗan lokaci kaɗan a ce su dawo wani watan. Sun yi ta kiranta a waya ba ta ɗauka ba, ta ce su ba wani gurbin nasa.

Zuera ta dubi Nurudeen. Ta tambaya tun yaushe ta daina. Madam ta ce tun lokacin da Fataw ya fara haɗa magana.

Sai Zuera ta ce wa Fataw ya fita ya ɗauko takalminsa. Ta durƙusa a gaban Madam, gwiwa biyu a kan siminti, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba sai surukarta. Madam ta ce lafiya, ta tashi mana, mene ne haka. Ba ta tashi ba.

"Madam, ki gafarce ni. Fataw ba shekara huɗu gare shi ba. Da na kawo shi ko uku bai cika ba. Ƙarya na yi don a karɓe shi. Lafiyarsa ƙalau, bai taɓa samun matsala ba."

Nurudeen na gefe yana gurnaninsa. Zuera ta ci gaba da zuba, ta faɗi tukunyar miya, ta faɗi Hajiya, ta faɗi kuɗin ƙarin da ba ta da shi, tana jin yadda kowane uzuri ke fitowa ƙarami, mara kunya. Ta so Madam ta zage ta. Ta so ta kira shugaba a kore su a gaban kowa, a ce ta biya duk ranakun da ta ci kyauta, da ta ji sauƙi. Madam ba ta yi ko ɗaya ba. Ta lalubi 'yar kujera ta zauna, tana ƙirga wani abu da leɓɓanta, watanni ne ko mene ne, Allah masani.

"Wato da ya daina jiƙa wando," ta ce, "da ya fara magana... lokacinsa ne kawai ya yi?"

Zuera ta gyaɗa kai.

"Ba ni ba ce," in ji Madam.

Madam ta juya ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa. Zuera ta ce ko za a kira asibitin, ƙila ba su ba da gurbin ba tukuna, ita za ta raka ta, za ta roƙe su, za ta ce laifinta ne. Madam ta ce sun bayar, tun watan jiya suka aiko mata da saƙo. Sabon layi za ta bi, kuma layin yana da tsawo. Ta ce maganar Fataw kuwa dole ta gaya wa shugaba gobe, ba za ta iya ɓoyewa ba, kuma shugaba ba za ta bar shi ba sai shekara ta zagayo. Zuera ta ce ta sani.

Fataw ya shigo da takalmi a hannu, ya sa na hagu a ƙafar dama. Madam ta kira shi, ta zaunar da shi a cinyarta ta gyara masa. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu ta ce masa ya saurara da kyau, Madam ce ta yi kuskure, kansa a buɗe yake, ya fi na kowa a ajin nan buɗewa, duk wanda ya ce masa ba haka ba ya ce Madam ta ce ƙarya ne. Yaro ya ce to, ya zame ya nufi ƙofa.

Zuera ta miƙe da kyar. Ta tsaya tana murza bakin gyalenta. Madam ta ɗago, idanunta jawur amma babu hawaye, ta dube ta sosai, irin kallon da Zuera ta yi watanni tana gudu.

"Barka, Maman Fataw," ta ce. "Ɗanki lafiyarsa ƙalau. Wallahi na taya ki murna. Allah ya raya miki shi."

Kuma har zuciyarta ta faɗa, babu habaici ko kaɗan, da akwai da Zuera ta ji. Addu'a ce aka yi wa ɗanta, ba ta da yadda za ta yi ta ƙi amsawa. Ta ce amin. Ta goya Fataw duk da ya iya tafiya, don ta samu dalilin sunkuyar da kai. Suna fita ta ji Madam a bayanta ta ja kujera kusa da Nurudeen, tana kiran sunansa a hankali, tana sake kira.